Yadda ake tara tsirrai, a busar da su, a raba su dangi-dangi

Na daɗe ina koyar da darasin rabe-raben halittu, kuma abin da na fi gani shi ne yaro ya haddace matakai bakwai da masana ke bi wajen raba halittu tsaf, ya rera maka su kamar karatun allo, amma ka ɗora masa gyaɗa da tsamiya a tebur ka ce 'yan dangi ɗaya ne, sai ya zuba maka ido. Ba laifinsa ba ne. Bai taɓa ɓare kwasfar wake da ta bagaruwa ya jera su gefe da gefe ba. Shi ya sa duk shekara nake fita da ɗalibai mu tara tsirran da ke kewaye da mu, mu matse su a jarida su bushe, mu manna su a kwali, sannan mu zauna mu raba su da hannunmu. Irin wannan taskar busassun tsirrai ita masana ke kira habariyom. Ba ta buƙatar ɗakin gwaji ko kuɗi mai yawa, kuma malami ko ɗalibi ko duk mai sha'awar sanin itatuwan garinsu zai iya haɗa ta a gida.

Kayan aiki

Babban abin da za ka tanada shi ne matsi. Ka je wurin kafinta ya yanko maka falle biyu na katako mara kauri, kowanne faɗin santimita 30, tsawon santimita 45. Idan zai huda maka ramuka a jikinsu don iska ta riƙa ratsawa, ya fi. Sai tsofaffin jaridu masu yawa, da kwalin katan irin mai ramuka a ciki, a yanka shi daidai girman katakon. Abin ɗauri kuma igiya ta isa, amma na fi son robar tsohon tif ɗin babur, don tana ci gaba da matsewa yayin da tsirran ke motsewa.

Na fita daji: almakashi mai ƙarfi ko wuƙa, ƙaramar fartanya ta tono, manyan ledoji, ƙaramin littafi, fensir, rula, guntayen takarda da zare na rataya lamba, da waya mai kamara. Madubin ƙara girma yana da amfani sosai wajen duba fure. In babu, ka ɗauki hoto kusa-kusa da waya ka buɗa shi.

Na mannawa: farin kwali mai kauri, girman takardar A3, wato kusan santimita 30 da 42, farin gam irin na kafinta, allura da zare, ƙananan ambulan, da kafur.

In katako ya gagara, ka shimfiɗa jaridun a kan tebur ko daɓe mai santsi, ka ɗora faifan katako ko murfin akwati, ka danne da bulo uku ko huɗu. In jarida ta yi wuya, takardar tsohon littafin rubutu ko ta buhun siminti da aka kakkaɓe sosai za ta yi. Abin da ba zai yi ba shi ne takardar mujalla mai sheƙi, don ba ta shan ruwa, tsiron zai ruɓe a cikinta.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci da wuri

Ƙananan tsirrai da ciyayi da kayan gona sun fi samuwa da fure da 'ya'ya daga watan Agusta zuwa Oktoba. Itatuwa kuwa kowanne da lokacinsa. Ɗorawa tana fure da rani, kuka wajen faɗuwar damina, gawo kuma yana zubar da ganyensa da damina ya yi sabo idan rani ya shigo, saɓanin sauran itatuwa. Don haka aikin ba na fita ɗaya ba ne. Ka sa ido a kan itatuwan da kake so, ka koma musu idan sun yi fure.

Ka fita da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi. Tsiron da aka tsinka da raɓa a jikinsa yakan yi baƙi a matsi. Ka fara da wuri ɗaya da ka sani: harabar makaranta, bayan gari, gefen fadama. A fitar farko kada ka wuce tsirrai goma zuwa sha biyar. Idan gonar wani ce, ka nemi izini tukuna. Kuma in da hali ka tafi da dattijo manomi ko makiyayi ko mai maganin gargajiya. Sunayen da zai faɗa maka a tafiyar awa ɗaya, da abin da akuya ke ci da wanda take ƙi, ba za ka same su a littafin makaranta ba.

Ka sa takalmi rufaffe, ka riƙe sanda kana bubbuga ciyawa kafin ka sa hannu, saboda maciji da kunama. Ka gargaɗi yara tun daga gida cewa ba a ɗanɗana komai. Zaƙami guba ne, haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu. Nonon tumfafiya da na tinya kuma idan ya shiga ido yana yin mummunar illa, don haka wanda ya taɓa su ya wanke hannu kafin ya shafi fuska.

Mataki na 2: Rubuta kafin ka tsinka

Nan ne masu farawa suka fi yin sakaci. Kafin almakashi ya taɓa tsiro, ka ba shi lamba a littafinka, ka rubuta lambar a guntuwar takarda da za ka ɗaura masa. Lamba ɗaya, tsiro ɗaya, kuma ba a maimaita lamba har abada; in ka tsaya a 15 yau, fita ta gaba ka tashi daga 16. Ka yi rubutun da fensir, don biro yana narkewa idan takarda ta jiƙe.

A ƙarƙashin lambar ka rubuta kwanan wata, sunan gari da ƙaramar hukuma da jiha, irin wurin (jigawa ce, fadama ce, laka ce, gefen hanya ne), sannan duk abin da zai ɓace idan tsiron ya bushe: tsawonsa, itace ne ko ciyawa ko mai yaɗo, launin fure, ƙamshi ko wari idan an murza ganyen, ko yana fitar da nono ko ƙaro idan an karya shi, kamannin ɓawonsa. Ka rubuta sunan Hausa yadda aka faɗa maka a wurin. Ka ɗauki hoto uku: na tsiron gaba ɗaya, na ganye, na fure ko 'ya'ya.

Wata shekara ɗalibaina sun dawo da tsirrai sama da talatin masu kyau, an matse su sun bushe lafiya, amma rukuni biyu ba su rataya lamba ba, sun ce za su tuna. Bayan mako biyu furannin da suke ja da ruwan ɗorawa duk sun koma ruwan ƙasa, babu wanda ya iya cewa wanne aka samo a fadama, wanne a jigawa. Dole muka zubar da kusan rabi. Tun daga ranar ba na barin kowa ya buɗe leda sai na ga lamba a jikin tsiro.

Tunda kana tsaye a gaban rayayyen abu, ka yi amfani da damar ka nuna wa yara siffofin masu rai da suka haddace a aji. Ku ɗaure leda a kan reshe mai ganye, kafin ku gama zagaye za ku tarar da gumi a cikinta, ruwan da ganye ke fitarwa kenan. Ku duba ganyen gyaɗa ko na tsamiya da rana, ku sake dubawa bayan magariba, za ku ga ƙananan ganyen sun rufe. Motsi ne da jin sauyin haske, a jikin abin da yara ke ɗauka ba ya motsi.

Mataki na 3: Tsinka abin da zai yi magana

Ganye shi kaɗai ba ya isa a gane dangin tsiro. Fure da 'ya'ya su ne shaida. Idan itace ne, ka yanko reshe mai tsawon kamar santimita 25 zuwa 30, da ganye a jere yadda suke, da fure ko 'ya'ya, in an samu duka biyun ya fi. Idan ƙaramin tsiro ne ko ciyawa, ka tono shi da saiwarsa, ka kakkaɓe ƙasar a hankali. Kada ka fizge, saiwar za ta tsinke, alhali ita ma tana cikin abin da za a duba. Kowane tsiro ka ɗebi biyu ko uku, ɗaya na ajiya, ɗaya na yagawa a bincika, ɗaya na kai wa masana in an kasa gane shi. Amma in ka ga guda ɗaya ne tak a wurin, hoto ya isa, ka bar shi ya yi iri.

Masu cin jikin wasu suna da tasu ƙa'ida. Kauci ka yanko shi da guntun reshen da ya kama, ka rubuta sunan itacen. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ka tono ta tare da saiwar dawa ko geron da ta maƙale wa, don yara su ga inda take tsotsa. Kada ka damu idan ta yi baƙi ƙirin bayan ta bushe, haka halinta yake, shi ya sa rubuta launin furenta tun a gona ya zama dole.

Ka zuba abin da ka tsinka a leda, ka ajiye a inuwa, ka matse su a ranar. Kada su kwana a leda. Kwana ɗaya da zafin damina ya isa su fara ruɓewa, ganyen tsamiya da na zogale kuma su zube.

Mataki na 4: Matsewa

Ka ajiye katako ɗaya a ƙasa, ka ɗora kwali, ka ɗora jarida mai ninki. Ka buɗe jaridar ka kwantar da tsiro ɗaya a ciki, ka rubuta lambarsa a gefen jaridar ma. Yanzu sai ka natsu ka gyara masa kwanciya, don yadda ya bushe haka zai zauna. Ka ware ganyen kada su hau juna. In sun yi cunkoso ka rage wasu da almakashi, amma ka bar guntun sandar ganyen a jiki don a san akwai ganye a wurin. Ka juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, saboda gashi da jijiyoyi sun fi fitowa ta baya. Doguwar ciyawa irin gamba ko karan gero ba a yanke ta gunduwa-gunduwa, lanƙwasa ta ake yi sau ɗaya ko biyu ta shiga jaridar.

Furen kuɓewa da na rama da na yakuwa suna da yauƙi, suna manne wa jarida su yage. Ka sa su tsakanin falle biyu na takarda mai laushi irin ta goge hannu, kuma kada ka ɗaga ta sai sun bushe. Ka tsaga fure ɗaya ta tsawo ka shimfiɗa shi a buɗe, zai yi maka amfani a mataki na 6. Abu mai kauri kamar albasa ko ɗanyar kuɓewa, ka raba shi biyu ka matse rabi. Tsiro mai ruwa a jiki wanda ke ƙin mutuwa a matsi, ka tsoma shi a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kaɗan, ban da furen, ka tsane shi sannan ka matse. Ƙwallon kuka, goriba da makamantansu ba sa shiga matsi. Ka shanya su daban, ka rataya musu lamba iri ɗaya da ta reshensu. Ganyen giginya kuwa ka auna shi, ka ɗauki hoto, ka matse yanki kawai.

Ka rufe jaridar, ka ɗora wata jaridar da babu komai, sai kwali, sai tsiro na gaba, haka har su ƙare. Ka rufe da katako na biyu, ka durƙusa a kai da gwiwa, ka ɗaure tamau.

Mataki na 5: Busarwa

Sirrin launi mai kyau shi ne saurin bushewa. Kwana uku na farko ka canja jaridun kullum, daga nan kuma bayan kwana bibbiyu. Jiƙaƙƙun ka shanya su a rana ka sake amfani da su. A canjin farko tsiron ya yi laushi, wannan ce damarka ta ƙarshe ta miƙe ganyen da ya naɗe. Matsin ka ajiye shi inda iska ke kaɗawa, ko a rana a jingine ta gefe yadda iska za ta bi ramukan kwalin. Da damina, in sama ta ƙi buɗewa, ka rataye shi sama da murhu daga nesa inda ɗumi kawai ke isa, ba harshen wuta ba. Kada ka fitar da tsiron tsirara ka shanya a rana, zai ƙanƙance ya karye.

Ƙananan tsirrai sukan bushe cikin mako guda, masu kauri su kai mako biyu ko fiye. Da hunturu abin ya fi sauri. Gwajin da nake yi shi ne in ɗora bayan yatsa a kan ganyen: in na ji sanyi, da sauran ruwa. Busasshe kuma idan ka ɗaga shi yana tsayawa a miƙe, ba ya langaɓewa.

Mataki na 6: Rarrabawa

Ga inda aikin yake da daɗi. Ka share babban tebur ko ka shimfiɗa tabarma, ka jera komai.

Da farko ka fitar da waɗanda ba tsirrai ba ne. Kusan kullum sai wani yaro ya kawo naman kaza. Yana fitowa daga ƙasa, ba ya tafiya, amma ba shi da koren sinadarin da tsiro ke haɗa abinci da shi daga hasken rana. Ruɓaɓɓen abu yake ci. Tun 1969, lokacin da Robert Whittaker ya raba halittu masarautu biyar, aka ba su naman kaza da fumfuna masarautarsu daban. Shi ba a matse shi, a busar da shi a dunƙule a sa a ambulan.

Sauran ka raba su gida biyu. Ka jiƙa ƙwayar masara da ta wake su kwana, ka ɓare su a gaban yara. Wake zai rabe biyu, kamar yadda gyaɗa ke yi, masara kuwa ba ta rabewa. Kowane ɓari na waken shi ake kira ganyen iri, wato ganyen farko da ke cikin ƙwaya. Wannan shi ne babban rabon tsirrai masu fure: masu ganyen iri guda ɗaya, kamar masara, da masu ganyen iri guda biyu, kamar wake. Ba sai ka samu ƙwayar kowanne ba, akwai alamomi a jiki. Masu ɗaya, jijiyoyin ganyensu a miƙe suke kafaɗa da kafaɗa, saiwarsu tarin zare ce, sassan furensu uku-uku. Masu biyu, jijiyoyinsu kamar raga, suna da uwar saiwa mai nutsawa ƙasa, sassan furensu huɗu-huɗu ko biyar-biyar. Girma ba ya cikin lissafi: giginya da goriba da dabino duk tsayinsu ɓangaren gero suke, ba ɓangaren kuka ba. Kada kuma ka dogara da alama ɗaya. Doya ganyenta mai raga ne, amma tana cikin masu ganyen iri ɗaya.

Daga nan sai dangi. Matakan rabon suna da yawa, amma mai farawa uku yake buƙata a hannu: dangi, sai gida a cikin dangi, sai iri a cikin gida. Dangogi shida sun kwashe yawancin abin da za ka tara a ƙasar Hausa.

Dangin wake, Fabaceae, shi ne mafi yawa a teburina kowace shekara. Shaidarsa kwasfa ce mai ƙwayoyi a layi ɗaya. Ka jera kwasfar wake, gyaɗa, gurjiya, tafasa, tsamiya, ɗorawa, kalgo, gawo da bagaruwa, ka bar yara su kalla. Ta bagaruwa mai gaɓa-gaɓa kamar carbi, ta gawo a murɗe, ta kalgo mai faɗi da tauri, ta gyaɗa a binne a ƙasa, amma ginin ɗaya ne. Ka nuna musu ƙananan ƙulallai a saiwar wake da gyaɗa, inda ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, abin da ya sa manomi ke cewa wake yana gyara gona. Tarkon da ke cikin wannan dangi shi ne zogale. 'Ya'yansa dogaye ne kamar kwasfa, ganyensa ma ya yi kama, amma ka fasa busasshe ka gani: gida uku yake rabewa, ƙwayoyinsa kuma masu fukafukai. Danginsa daban ne.

Dangin ciyawa, Poaceae: gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, acca, rake, gamba, ƙarangiya. Kara mai gaɓoɓi, gindin ganye ya naɗe karan kamar riga. Tarkonsa aya ce. Ka murza karanta tsakanin yatsu biyu, za ka ji kusurwa uku, kuma babu gaɓa. Ba ciyawa ba ce a wurin masana, nata dangin daban.

Dangin kuɓewa, Malvaceae: kuɓewa, rama, yakuwa, auduga. Ka ɗauko furen nan da ka tsaga. Kunnuwa biyar, wato fallayen furen masu launi, a tsakiya kuma sassan namiji sun haɗe sun zama sanda guda da ta kewaye ta macen. A rabon zamani, wanda ya dogara da binciken ƙwayoyin gado, an shigar da kuka da lalo da goro cikin wannan dangi. Yara kan yi murna idan suka lura miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo duk masu yauƙi ne.

Sauran ukun ba su da wuya. Dangin tumatir, Solanaceae, ya haɗa tumatir, tattasai, attarugu, gauta, taba, zaƙami da dankalin Turawa. Dankalin Hausa ba ya ciki, sunan ne kawai ya haɗa su. Shi ɗan'uwan duman rafi ne, ka gwada furensu mai kamar mazurari ka gani. Dangin kabewa, Cucurbitaceae, masu yaɗo ne da zaren kamawa, furen namiji daban na mace daban: kabewa, kankana, duma, guna, soso, garahuni. Sai dangin giginya, Arecaceae.

Kuskure biyu nake yawan gyarawa a nan. Na farko raba tsirrai da amfaninsu, a ce na miya, na magani, na itacen girki. Wannan rabo ne mai amfani a gida, amma ba ya nuna zumunta. Na biyu rikita ganye mai rassa da reshe. Abin da yaro ke kira ganyen tsamiya ƙaramin ɓangare ne kawai; ganyen shi ne dukan sandar da ƙananan ke jere a kanta. Yadda za ka tabbatar, ka nemi ɗan toho a hammatar da sanda ta haɗu da reshe. Inda toho yake, nan ganye ya fara. Ka kuma sani ƙaramar kuka ganyenta falle ɗaya ne, sai ta girma take yin mai yatsu biyar zuwa bakwai.

Mataki na 7: Haɗa mabuɗi

Mabuɗi jerin tambayoyi ne, kowace da amsa biyu kacal, har a kai ga sunan tsiro. Ka sa yara su haɗa nasu da tsirrai takwas. Ga wanda muka saba farawa da shi:

1. Jijiyoyin ganye a miƙe, je 2. Kamar raga, je 3.
2. Kara mulmulalle mai gaɓa: gero. Mai kusurwa uku: aya.
3. Ganye falle ɗaya, je 4. Mai ƙananan ganye da yawa, je 5.
4. Yana fitar da farin nono: tumfafiya. Ba ya fitarwa, ganyen a tsage kamar kofato: kalgo.
5. Ƙananan ganyen sun tashi daga wuri ɗaya kamar yatsu: kuka. Suna jere a kan sanda, je 6.
6. Akwai ƙaya: bagaruwa. Babu, je 7.
7. Bakin ganye mai haƙora kamar zarto: dogon yaro. Mai santsi: tsamiya.

Tsirrai takwas, tambaya bakwai. Kullum tambayoyin suna gaza yawan tsirran da ɗaya. Kada a sa "babba" ko "ƙarami" ba tare da awo ba, a ce "ya wuce santimita 10". Kada a sa abin da ido ba ya gani a jikin samfurin, kamar "ana miya da shi". In an gama, a miƙa wa wani rukuni da bai ga yadda aka haɗa ba. Inda suka ɓata, nan tambayar take da gyara.

Mataki na 8: Suna

Sunan Hausa shi ne mafari, amma yana canjawa daga gari zuwa gari. Itace ɗaya wani ya ce dogon yaro, wani darbejiya, wani bedi. Sunan kimiyya kuwa ɗaya ne a duk duniya: Azadirachta indica. Tsarin suna biyu ya kafu ne daga aikin Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, a 1753. Kalmar farko sunan gida ce, ana fara ta da babban baƙi. Ta biyu ta iri ce, da ƙaramin baƙi. A rubutun hannu ana ja wa kowace layi a ƙasa daban.

Misalin da ya fi shiga kan yara shi ne na ɓaure, cediya, gamji da durumi. A Hausa suna huɗu ne da ba su haɗa komai ba, amma dukansu gidan Ficus ne: Ficus sycomorus, Ficus thonningii, Ficus platyphylla, Ficus polita. Ka karya ganyen kowanne ka ga farin nono, ka fasa 'ya'yan ka ga tarin ƙananan furanni a ciki. Haka magarya da kurna, gidan Ziziphus. Wake da gurjiya, gidan Vigna. Rama da yakuwa, gidan Hibiscus. Sunayen kansu suna ɗauke da tarihi. Kuka, Adansonia digitata, an sa mata sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal, kalma ta biyu kuma tana nufin mai yatsu. Ɗorawa, Parkia biglobosa, sunan Mungo Park take ɗauke da shi, wanda ya mutu a kogin Kwara wajen Bussa a 1806.

Ka lura sunaye kan canja idan bincike ya ci gaba. Tsofaffin littattafai suna kiran bagaruwa Acacia nilotica, yanzu Vachellia nilotica ce. Gawo ya tashi daga Acacia albida ya koma Faidherbia albida, kaɗanya kuma daga Butyrospermum zuwa Vitellaria paradoxa. Ka rubuta sabon, ka sa tsohon a ƙasa. Don neman sunan kimiyya daga na Hausa, ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da J. M. Dalziel ya wallafa a 1916 har yau yana taimakawa, sai dai a bi sunayensa a sabunta. Manhajojin waya irin PlantNet suna ba da haske, amma ka ɗauki amsarsu a matsayin zato, ka koma ka gwada da fure da kwasfar da ke hannunka. In gida kawai ka tabbatar, ka rubuta sunan gidan ka bi shi da "sp.", wato ba a tantance irin ba. Wannan ya fi ka cika da sunan da ba ka da tabbas a kansa.

Mataki na 9: Mannawa da ajiya

Tsiro ɗaya, kwali ɗaya. Ka gwada kwanciyarsa tukuna ba gam, saiwa a ƙasa, ka bar kusurwar dama ta ƙasa fili. Ka ɗiga gam kaɗan-kaɗan a bayansa, ka kwantar, ka danne da littafi ya kwana. Reshe mai kauri ka ɗinke shi da allura da zare ta bayan kwalin. Kada ka yi amfani da salatif: cikin shekara ɗaya ko biyu yakan yi ja, ya saki, ya bar tabo. Ƙwayoyi da furannin da suka zube ka zuba a ƙaramar ambulan ka manna ta a gefe.

A kusurwar da ka bari ka manna takardar bayani: lamba, sunan Hausa, sunan kimiyya, dangi, wuri, kwanan wata, sunan wanda ya tsinko, da bayanan da ka rubuta a daji. Ka haɗa 'yan dangi ɗaya a cikin babbar takarda mai ninki, ka rubuta sunan dangin a baya. A kwance ake ajiye su, kuma ɗagawa ake yi ɗaya bayan ɗaya, ba a buɗa su kamar shafin littafi.

Abokan gabarka gara, kyankyaso, ƙananan ƙwari da laima. Akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi kan benci nesa da bango, a jefa kafur a ciki, a riƙa dubawa duk wata biyu ko uku, musamman da damina. Idan ka ga gari-gari a ƙarƙashin fure, ƙwaro ya shiga. Ka sa kwalin a leda ka ɗaure, ka ajiye a firiza mai ƙanƙara sosai na kamar mako guda, sannan ka bar shi ya huce a cikin ledar kafin ka buɗe, don kada raɓa ta sauka a kansa. In babu tsayayyar wuta, ka ware wanda ya kamu daga sauran, ka kakkaɓe shi, ka rufe shi a leda da sabon kafur.

Waɗanda suka gagare ka ganewa, ka ware su a takarda guda. Sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana da irin wannan taska, haka Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, kuma a irin wuraren nan ne ake gwada samfuri da waɗanda aka riga aka tabbatar. Ka tafi da kwafi na ukun nan da ka ajiye, wanda ba a manna ba, a cikin jaridarsa tsakanin kwali biyu, tare da littafinka na daji da hotunan da ke wayarka. Abin da za a fara tambayarka shi ne inda ka samo shi, da watan da ka tsinka, da launin furensa.